Baitocin Kawu da Na Cire

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Kawu. An yi addu'a, an raba waina, an naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, ba ni da ja a kan wannan. Abin da ya hana ni sakat daban ne, kuma na san halina, in ban faɗe shi yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba.

Kwana ukun zaman makoki ƙofar gidan nan da ke unguwar Kusfa ba ta huta ba. Maɗinka abokan sana'arsa suka zo ayari guda, babbansu yana cewa an binne hannun da ya fi kowane hannu iya ɗinkin aska takwas a birnin Zazzau. Wata tsohuwa ta aiko daga Gyallesu a gaya wa Inna, matar Kawu, cewa shi ya ɗinka rigar angwancin mijinta. Mijin ya rasu tuni, rigar tana nan ko zare ɗaya bai tashi ba.

Amma waƙarsa aka fi ambata, wadda aka buga da boko bara a ɗan littafi mai koren bango. A rana ta biyu wani manomi daga wajen Kufena, wanda ya koyi karatu da girmansa a ajin yaƙi da jahilci, ya zaro littafin daga aljihu, duk ya yi laushi don shan hannu. Ya ɗora yatsa yana bi a hankali:

Ku ji tsoron ranar tsayuwa,
Ku tsai da salla, 'yan'uwana.

Ya share ido da hannun riga ya ce, “Wallahi duk waƙar nan ba inda ke karya mini zuciya kamar nan tsakiya. Malam ya san Allah.” Sai aka nuna masa ni, aka ce ga ɗan ƙanwar mamacin, shi ya kai aka buga. Ya kama hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, zaure duka ya ɗauki amin. Ni ma na ce amin, kaina a ƙasa. Baitin da ya karanta ba na Kawu ba ne. Ni na yi shi, da wasu goma da ke biye da shi.

Bari in fara da mutumin, don shi ya cancanci a tuna.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tun da na yi wayo a wuri ɗaya na san shi: bakin zaure ta hannun dama, inda hasken hantsi ke faɗowa, riga a cinya, allura biyu soke a hula. Ba ya ɗinki shiru. Yana soka allura yana gunguni, in baiti ya zo masa sai ya tsaya cak da hannu a sama, ya maimaita shi sau uku, sannan ya ture rigar ya jawo tawada ya rubuta da ajami. Masu riguna sun sha yin fushi. Wani ya taɓa zuwa karɓar rigar Sallah ya tarar ba a ko gama aljihu ba. Kawu ya ce masa, “Yi haƙuri, baƙo na yi.” Mutumin ya je idi da tsohuwar rigarsa yana ƙunƙuni, amma da shekara ta zagayo wurin Kawu ya sake kawo ɗinki.

Ni kuwa tsokanata yake yi. Da na fara koyarwa a makarantar boko sai ya raɗa mini suna Malam Mai Fensir. Wai shi bai yarda da alƙalamin da ke tafe da abin gogewa ba, mai irin wannan rubutu tun kafin ya fara ya shirya yin musu. In na ɓata rai sai ya ɓare goro ya miƙo mini babban ɓarin.

Wata rana, ina ji da kaina don na karanta 'yan littattafai, na tambaye shi amfanin waƙa a addini, tunda littattafan tauhidi sun faɗi komai a fili. Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Sun faɗa, kuma gaskiya suka faɗa. Allah ba Shi da kama, ba Shi da wuri, ba Ya gabas ba Ya yamma. Na haddace wannan tun ban kai ka ba. To amma ɗana, ranar da begenSa ya kama ka, da wane baki za ka yi kuka? Da bakin nan dai da kake kiran uwarka. Ba ka da wani.”

Na ce ai sai mutum ya yi shiru.

Ya ce, “Waɗanda suka fi ni sun yi shirun. Ni ban kai ba.”

Wannan rashin shirun ne ya raba shi da amininsa. Inna tana da wa, babban malami ne, mu duka Malam Babba muke ce masa. Tare suka yi makarantar allo da Kawu, shi ne kuma ya aurar wa Kawu ƙanwarsa. Ina ƙarami abin ya faru, mahaifiyata ta ba ni labari. Ranar wani suna a gidan Kawu, bayan an ci abinci, aka roƙi Kawu ya rera sabuwar waƙarsa. Doguwa ce, farkonta yabo da salati, ƙarshenta addu'a. A tsakiyarta ne akwai baitoci goma sha ɗaya da yake magana da Ubangijinsa kai tsaye. Ya zo wurin ya ce:

Na fita nemanKa cikin gari,
Ashe Kana zaune a zaurena.

Malam Babba ya ɗaga hannu. “Dakata. Wa ke zaune a zaurenka?”

Kawu ya ce, “Ka sani.”

“Allah ba Ya zama, kuma wuri ba ya ɗaukarSa.”

“Na sani. Tare muka karanta.”

“To me ya sa ka faɗa?”

“Don haka na ji.”

Malam Babba ya ce ji ba hujja ba ne, kuma jahili zai ɗauki baitin yadda yake ya halaka. Ya nemi takardun, ya tafi da su kwana uku, ya aiko da su da saƙo: ba zai sake taka zauren ba sai ranar da Kawu ya janye baitocin. Kawu ya ce ba zai iya janye abin da ba ƙarya ya yi ba. Shekara goma sha takwas aka yi a haka. In sun haɗu a hanya su gaisa gaisuwar mutunci, kowace Sallah Kawu ya ɗinka hula ya aika, Malam ya sa ta ya je idi, amma ƙafarsa ba ta ƙetare dokin ƙofar nan ba. Inna ce ta sha wahalar. Ita ke zuwa gidan wanta, ta dawo ido jawur. Tun daga ranar kuma Kawu bai sake rera tsakiyar waƙar a inda wani zai ji ba, don kada ya ƙara mata ciwo. Farko da ƙarshe kawai mutane suka sani.

Da girma ya kama shi sai ido ya tafi. Allura ta ci shi, in ji masu magani. Ya ci gaba da zama a wurinsa na bakin zaure, hannu a cinya ba abin ɗinkawa, yana gane mutane da takunsu.

A lokacin ne aka fara buga ƙananan littattafai don manya masu koyon karatu, kowa na ta maganar ilimi da mulkin kai. Ni na kawo shawarar a buga waƙar. Kawu bai so ba, na matsa, na ce in ya tafi da ita wa zai amfana? A ƙarshe ya sa Inna ta ɗauko gafakarsa, ya laluba ya zaro takardun, rubutun hannunsa ne kuma babu wani kwafi a duniya. Ya ce, “Ga ta. Duka za ka kai, ko ka bar ta duka.” Na ce to.

Ina so a ji wannan da kyau: ba wanda ya sa ni. Masu bugawa ba su ce in cire komai ba, ba su ma ga baitocin ba. Ni ne ina juya ajami zuwa boko a ɗakina na iso tsakiya, sai na ajiye fensir. Na tuna sunana zai fito a bango a matsayin wanda ya tattara. Na hango Malam Babba yana ambatona a gaban ɗalibansa. Na hango abokan aikina suna dariya, suna cewa kawun wane ya ga Allah a zaure. Wallahi ba kishin tauhidi ba ne, kunyar mutane ce kawai. Sai na cire goma sha ɗayan, na zauna yini biyu na ƙaga nawa a karinsu da amsa-amonsu, na wa'azi tsantsa wanda ba mai ɗaga wa gira. Har daɗi na ji da na ga sun zauna daidai. Kaico!

Ranar da littafin ya fito na kai masa. Ya shafa bangon, ya sansana shi, ya yi dariya ya ce warin kananzir yake yi. Sannan ya ce in karanta. Na riga na shirya. Na buɗe littafin, na shimfiɗa takardunsa na ajami a cinyata, da na iso tsakiya sai na sauke ido na karanta nasa. Ina juya shafin littafin da ƙarfi don ya ji ƙarar takarda. Da na kai inda yake cewa,

Na yi ta kira har murya ta dushe,
Da na yi shiru sai na ji kirana,

sai ya dafa ƙirji ya ce, “Yanzu wannan yana nan a rubuce, duk wanda ya buɗe zai gani?” Na ce ƙwarai, Kawu. Ya ce, “To Allah Ya sa ya sami mai irin ciwona.” Wata huɗu ina yi masa wannan karatu duk Juma'a bayan an sauko. Makaho nake cuta, yayan uwata, kuma yana sa mini albarka.

Takardun kuwa ban mayar ba. Na ce masa suna wurina a adane. A tsakanin azarar rufin ɗakina nake soke su, don kada wani mai iya ajami ya gani ya gwada da littafin. Ruwan farkon damina ya sauko ina makaranta, soron ya yi yoyo daidai wurin. Wanda ya san tawadarmu ta gawayi da ƙaro ya san sauran. Na sauko da takardun sun manne da juna, baƙi ya bi ya shafe komai, ko harafi ɗaya ba a gani. Daga ranar na ɗauke ƙafa daga gidan Kawu. Ya yi ta aike, ina cewa aiki ya yi yawa. Sai da mahaifiyata ta zo da kanta ta ce yayanta na kwance ba lafiya, in ba ni da kunya in ci gaba da zama.

Na same shi an shimfiɗa masa a zaure, don ya ƙi a kai shi ɗaki. Bai yi mini ƙorafi ba, ya dai ce, “Malam Mai Fensir, takunka ya yi nauyi.” Muna nan bayan la'asar sai muka ji sallama. Muryar Malam Babba ce. Daga cikin gida na ji ƙwarya ta faɗi, Inna ta fito har bakin ƙofa tana salati, tana kuka tana dariya.

Malam ya tuɓe takalmi ya shigo, ya zauna ya kama hannun Kawu. Ya ce, “Wani ɗalibina mai boko ya karanta mini littafinka daga farko har ƙarshe. Na gode wa Allah da ka janye baitocin nan ka sa wa'azi a gurbinsu. Na ce ranar da ka janye zan tako. Ga ni.”

A hankali Kawu ya juyo da fuskarsa daidai inda nake zaune. Idon da ba ya gani, amma wallahi ban taɓa jin kallo irin wannan ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira ya tona ni, kuma da ya tona da na fi samun sauƙi.

Sai ya juya wurin Malam ya ce, “Ka dai zo. Alhamdu lillahi. Ƙanwarka ta dama fura, yau sai ka sha a gidanta.” Bai ce ya janye ba, bai ce bai janye ba. Suka shiga hirar makarantar allo, wa ya fi shan bulala, wa ya taɓa fasa tulun malaminsu, har Malam Babba yana share hawayen dariya da gefen rawani.

Da Malam ya tafi, Kawu ya ce, “Ɗauko littafin. Abin da aka buga za ka karanta mini.” Na karanta. Yana bin karin da yatsa a kan tabarma. Da na gama goma sha ɗayan nawa ya ce in tsaya.

“Karin bai karye ba,” in ji shi. “Amsa-amon ma ya zauna. Ka iya. Kuma ba ƙarya a ciki, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Sai dai wanda ya yi su da mutane yake magana. Ni ba da mutane nake ba.” Ya numfasa. “Ina takarduna?”

Na gaya masa. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne, bai share ba. Can ya ce, “Kada ka gaya wa Innarka yau. Bar ta da farin cikinta.”

A nan ya kamata in jawo takarda in durƙusa in ce Kawu maimaita mini. Yana da sauran numfashi, kuma na tabbata da ya yi. Kunya ta ɗaure mini baki, na ce a raina sai gobe. Washegari na zo da takarda na tarar harshensa ya yi nauyi, ba a gane abin da yake faɗa. Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ya cika. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata kabarinsa, Ya sada shi da Wanda ya ƙare rayuwarsa yana bege.

Kwana arba'in ɗin nan ba abin da nake yi sai laluben baitocin a kaina. Uku kawai na samu cikakku. Sauran da na kamo bakin ɗaya sai nawa ya faɗo a kansa, tunda karinsu ɗaya. Inna ba ta riƙe su ba, sau ɗaya ta taɓa ji. Maɗinka ba su san su ba. Ga kuma wani nauyin: a wurin jana'iza Malam Babba ya tsaya a gaban jama'a ya shaida cewa mamacin ya gyara kuskurensa kafin ya koma ga Allah. Saboda haka nake roƙon duk mai riƙe da ɗan littafin nan mai koren bango, ya sani tsakiyar waƙar ba ta Kawu ba ce, kuma Kawu bai janye komai ba.

Yau da hantsi na tafi gidan Malam Babba. Na jira ɗalibai suka tashi, na durƙusa na ce, “Allah gafarta Malam, na zo da magana mai nauyi.” Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ina magana ina kallon tabarma.

Da na gama ya ajiye carbi. Ya ce, “Wato ka sa na yi wa mamaci shaidar da ba ita ba.”

Na ce haka ne.

“Kuma yana ji ina yi masa godiya, ya bar ni na sha furarsa.” Ya girgiza kai. “Tir da halinka. Ni shekara goma sha takwas ina faɗa da shi fuska da fuska, ban taɓa sa hannu a maganarsa ba. Ina takardun?”

Na ce ruwa ya cinye su.

“Nawa ka riƙe?”

“Uku, Allah gafarta.”

“Uku! Faɗe su.”

Na faɗi biyun farko, na zo na uku:

In an tambaye ni ina nake,
Ni ma cigiya nake ta kaina.

Na tsaya nan, don iyakar abin da nake da shi ke nan. Sai na ji Malam Babba ya gyara murya. Ba karantawa ya yi ba, rerawa ya yi, da karin Kawu sak, har da ɗan jan da yake yi a ƙarshen layi:

Na share ɗaki don in sauke Ka,
Ashe ni ne baƙo a ɗakina.

Na ɗago ina kallonsa baki buɗe. Ya ce, “Me kake kallo? Ba ranar da gari ya waye ban yi gardama da baitocin nan ba. Ina alwala su zo mini in ba su amsa, ina hanyar masallaci su dawo. Yaya ba zan riƙe su ba?” Ya turo mini takarda da tawada. “Har gobe ina kan bakana. Allah ba Shi da wuri, kuma ranar da ka buga su zan tashi in faɗi haka a gaban kowa. Amma maganarsa ce. Rubuta. Da ajami.”

Na rubuta. Yana rerawa yana tsayawa, wani baitin in ya gama sai ya ce, “Wannan ma ban yarda da shi ba,” sannan ya wuce na gaba. A na tara ya dakata, ya juya baya ya daɗe yana gyaran rawanin da ba abin da ya same shi. Haka muka kai goma sha ɗaya.

Na busa tawadar, na fara naɗe takardar zan yi godiya. Ya riƙe mini hannu.

“Ina za ka? Karanta mini abin da ka rubuta.” Ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa, ya ɗora yatsa a kan layin farko. “Kuma sauke takardar nan ƙasa. Ni idona yana gani.”